Kawunan Wayoyin Fawa-fak da Haɗa Kwamfutar Tebur a Gwammaja

Wannan lacca ta shafi wani ɓangare na kwamfutar tebur wanda ba a cika waiwayarsa ba sai ranar da hayaƙi ya tashi, wato akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke karɓar wuta daga bango ya rarraba ta ga sauran sassa, wanda masu gyara da 'yan kasuwa ke kira fawa-fak, tare da kawunan wayoyin da ke fitowa daga cikinsa. A unguwa kamar Gwammaja, a ƙaramar hukumar Dala ta Kano, kwamfutar tebur jari ce da ake ci da ita, domin ita ce a shagunan buga takardu da cike fom, ita ce a ɗakunan da ake horar da ɗalibai tun bayan da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, kuma ita ce a gaban matasan da ke zana fasta da katin biki ko tace bidiyon fim da na wa'azi. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori ba a kwali ɗaya suka zo ba, harhaɗa su aka yi daga kayan shagunan France Road da Beirut Road, wasu sababbi, wasu na hannu irin waɗanda ake kira Beljiyam, kuma a irin wannan haɗin gambiza ne batun kawuna ke zama babba. Mai saye yakan yi tambaya ɗaya tak, wato wat nawa ne, alhali lambar da aka buga a gefen akwati ita ce mafi sauƙin ƙarya a duk abin da ke jikinsa, kawuna kuwa ana iya ƙirga su da yatsa a gaban mai shago.

Kafin a bi kawunan ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a fahimci abin da ya sa suka yi yawa haka. Wutar da ke zuwa gidaje a Nijeriya tana da ƙarfin bolt 230, kuma mai kai-komo ce, ma'ana tana zuwa gaba ta dawo baya sau 50 a cikin daƙiƙa guda, sassan kwamfuta kuwa ba sa aiki sai da wuta mai miƙewa hanya ɗaya irin ta batir, mai ƙarancin ƙarfi, wato bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3, kuma aikin fawa-fak ke nan, ya juya waccan ta koma wannan. Bolt ma'aunin ƙarfin turi ne, kamar yadda ruwan tankin da ke kan bene ya fi na ƙasa ƙarfi, amfiya ma'aunin yawan wutar da ke ratsa waya ne, kamar yawan ruwan da ke bin tiyo, wat kuma shi ne abin da ake samu idan aka ninka bolt sau amfiya. Daga wannan ɗan lissafi wani abin mamaki ke fitowa. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 230 amfiya 4 da 'yan kai yake ja, amma katin hoto na kwamfuta mai wat 150 a kan bolt 12 amfiya 12.5 yake ja, kusan ninki uku na dutsen gugar, kuma ta cikin wayoyin da kaurinsu bai wuce na tsinken ashana ba. Amfiya ce ke haifar da zafi a waya, kuma idan ta ninka biyu zafin ninkawa huɗu yake yi, shi ya sa ake raba kaya a kan wayoyi da yawa, kowace ta ƙare da nata fin, wato ɗan haƙorin ƙarfen da ke cikin robar kai. Duk fin ɗin da bai zauna daram ba, ko ya yi tsatsa, ko ya yi sako-sako saboda yawan cirewa da mayarwa, ƙaramar hita yake zama a cikin roba.

Tarihin waɗannan kawuna gajere ne. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1984 mai suna AT tana karɓar wuta ta kawuna biyu masu kama da juna, kowane da waya shida, kuma ana iya musanya su bisa kuskure, don haka masu gyara na wancan zamani suka haddace ƙa'idar cewa baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, in ba haka ba a yi asarar madabod, wato babban allon da dukkan sassa ke hawa kansa. A 1995 kamfanin Intel ya kawo tsarin ATX, wanda har yau a kansa ake tafiya, ya haɗe su a kai ɗaya mai fin 20, aka yi wasu ramukansa masu kusurwa huɗu cif, wasu kuma aka daddatse musu kusurwa, don kada ya shiga a juye. Da firosesa Pentium 4 ta fito a 2000, ita firosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, sai cinta ya fi ƙarfin wannan kai, aka ware mata nata mai fin 4, sannan a 2003 aka faɗaɗa babban kan zuwa fin 24 saboda sabon ramin katin hoto da ake kira PCI Express. Kowane sabon kai alama ce ta lokacin da wani sashe ya fi ƙarfin abincin da ake ba shi, saboda haka ana iya gane shekarun fawa-fak daga kawunansa, kamar yadda mai sayen rago ke buɗe baki ya duba haƙora.

Babban kai mai fin 24 shi ne na madabod, kuma sau da yawa yakan zo a rabe, 20 da ƙarin 4 da ake maƙalawa a gefe, domin ya yi wa tsohon allo da sabo. A tsofaffin fawa-fak launin waya yana faɗin aikinta: rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, mai ruwan lemo bolt 3.3, baƙa ita ce hanyar komawar wuta, shunayya tana riƙe da bolt 5 ko da kwamfuta a kashe take muddin fulogi na bango, mai ruwan toka ita ce ke shaida wa madabod cewa wuta ta daidaita, koriya kuwa, wadda guda ɗaya ce tilo kuma tana kan fin na 16, ita ce makunni. A nan ne gwajin da aka saba gani a shagunan gyara ya samo asali, inda mai gyara zai lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda, ya cusa baki ɗaya a ramin koriya ɗayan a ramin baƙa, fanka ta juya, ya ɗago kai ya ce lafiyarsa ƙalau. Wannan gwaji shaida ce cewa fawa-fak yana tashi, ba ya wuce nan, domin bai nuna abin da zai faru idan aka ɗora masa kaya ba. Ƙa'idar ATX ta asali ta yarda layin bolt 12 ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari kawai, wato daga 11.4 zuwa 12.6, kuma da mita ake auna wannan, kwamfuta tana cikin aiki. Sababbin fawa-fak da yawa duk wayoyinsu baƙaƙe ne don ado, abin da ya ɗauke wa mai gyara idon da yake dogaro da shi, ya bar shi da ƙirga ramuka.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tsakanin kawuna biyu masu fin 8, waɗanda ido ke gani kamar tagwaye. Ɗaya na firosesa ne, yana hawa kusa da ita a saman madabod, kuma idan aka tsaga shi yana rabewa 4 da 4; ɗayan na katin hoto ne, yana rabewa 6 da 2. Na firosesa yana da wayoyin bolt 12 guda huɗu da baƙaƙe huɗu, na katin hoto yana da na bolt 12 guda uku kacal, sauran biyar baƙaƙe ne, kuma babban haɗarin shi ne layin da rawaya ke bi a wannan shi ne layin da baƙa ke bi a wancan. An bambanta siffar ramukansu don kada ɗaya ya shiga gurbin ɗaya, amma robar arha tana da taushi, kuma hannun saurayin da ya ƙagu ya ga allo ya kawo haske yana da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa neman kayan mota a kasuwar Ƙofar Ruwa, da ke maƙwabtaka da Gwammaja, ya san cewa noti yana iya hawa kan zaren da ba nasa ba idan aka matsa masa da sifana, kuma ya san abin da ke biyo baya. Kama da wane ba ta wane. Kan da ya dace yana shiga da ɗan turi kaɗan, sakatarsa ta yi ƙas, kuma ba a ganin tazara tsakanin robar sama da ta ƙasa. Wanda ya nemi a danne shi da tafin hannu ba na wurin ba ne. Akwai kuma kuskuren mantuwa, wanda ba ya ƙona komai sai dai ya ɓata yini guda: an sa babban kai, an manta na firosesa, fankoki suna juyawa, allo baƙi ƙirin, a yi ta zargin madabod ba da laifinsa ba.

Katin hoto, wato sashen da ke ɗaukar nauyin zane da tace bidiyo da wasanni, shi ne mafi ci a kwamfutar zamani, kuma lissafinsa a bayyane yake. Ramin da yake zaune a madabod yana ba shi wat 75, kai mai fin 6 yana ƙara masa wat 75, mai fin 8 kuma wat 150, don haka da ganin bakunan da ke gefen kati an san iyakar cinsa. Idan fawa-fak bai zo da kan da kati ke nema ba, abin da kasuwa ke miƙowa shi ne adafta, 'yar gajeriyar wayar da ke juya wani kai ya koma wani, kuma mafi yawan wadda ake samu ita ce mai ɗaukar wuta daga kan faifan ajiya ta mayar da shi fin 6 ko fin 8. Shi kan faifan ajiya, wanda ake kira SATA, faffaɗa ne mai fin 15, uku ne kawai daga ciki ke ɗauke da bolt 12, kowane an yi shi ne don amfiya 1.5, jimla amfiya 4.5, wato wat 54. Wanda ya rataya bakin da ke neman wat 75 a kan wannan ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, wanda ya rataya mai neman wat 150 kuwa ya ɗora masa kusan ninki uku. Kwamfutar za ta tashi, za ta buga takarda, za ta yi makonni ba a ga komai ba, sai ranar da aka ba ta bidiyon biki na awa biyu ta fitar, kati ya ja iyakar cinsa na tsawon lokaci, a ji warin roba. Adafta siffar baki take canzawa, ba ta ƙara wa waya kauri, kuma rashin kan katin hoto a jikin fawa-fak sanarwa ce daga wanda ya ƙera shi cewa bai yi shi don wannan aikin ba.

Ko manyan kamfanonin duniya ba su tsira daga wannan ba. A 2022 aka fito da sabon kai mai fin 16 wanda ke ɗaukar har wat 600, wato amfiya 50 a kan wayoyin bolt 12 guda shida, kuma da katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia ya shiga kasuwa a watan Oktoba na shekarar, sai rahotanni suka yi ta fitowa na kawuna da suka narke. Kamfanin ya danganta matsalar da rashin tura kan har ƙarshe, daga baya kuma aka gyara ƙirar, aka gajarta ƙananan haƙoran da ke ba kati izinin jan wuta, ta yadda ba zai ja da ƙarfi ba sai kai ya zauna sosai.

Saura tsohon kai mai manyan fin 4 da ake kira Molex, wanda a da shi ke ciyar da faifan ajiya da na'urar CD, yanzu kuwa sai fankoki da fitilu. Ba shi da wani dogon zance, illa cewa adaftar da ke juya shi ya koma SATA, musamman irin wadda aka narka roba aka rufe bakinta ruf, ta yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta, kuma a bayanta faifan da ke ɗauke da aikin shekaru yake.

Abin da ya fi shafar kasuwar Kano kai tsaye shi ne kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka, masu ƙarko da sauƙin kuɗi, waɗanda suka cika shagunan buga takardu da makarantu. Da yawansu ba sa bin tsarin ATX ko kaɗan. Akwai Dell OptiPlex masu babban kai mai fin 8, akwai HP masu fin 6, akwai Lenovo ThinkCentre masu fin 14 ko 10, kuma a yawancinsu bolt 12 kaɗai fawa-fak ke bayarwa, madabod ne ke sauke ta zuwa bolt 5, faifan ajiya ma daga jikin madabod yake shan wuta. Sakamakon wannan biyu ne. Idan fawa-fak ɗin irin wannan kwamfuta ya mutu, na gama-gari ba zai hau ba, sai an nemo ɗan'uwansa daga wata irinta da aka farke, ko a sayi adaftar da aka yi wa wannan samfurin takamaimai, domin ta wani samfurin tana iya shiga baki amma jerin wayoyinta daban. Na biyu, ƙarfinsu yakan tsaya tsakanin wat 180 da 300, kuma ba su da kan katin hoto, saboda haka matashin da ya sayi irin wannan da niyyar mayar da ita injin tace fim ya sani cewa katin da zai iya sa mata lafiya shi ne wanda ramin madabod kaɗai ke ciyarwa, kamar GTX 1050 Ti ko GTX 1650 marasa baki a gefe, kuma idan akwatin siriri ne sai katin ya zama gajeren tsayi. Wannan hali ba sabo ba ne, domin a ƙarshen shekarun 1990 Dell ta taɓa yin kwamfutoci masu kai mai fin 20 wanda siffarsa ta ATX ce sak amma jerin wayoyinsa daban, waɗanda suka ci madabod ɗin masu gyara da dama. Irin wannan tarkon yana nan a fawa-fak na zamani masu wayoyin da ake cirewa a mayar: ɓangaren da ke shiga madabod iri ɗaya ne a ko'ina, amma ɓangaren da ke shiga jikin fawa-fak kowane kamfani da nasa jeri, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun saɓa. Jakar da aka tara irin waɗannan wayoyi a cakuɗe a ƙarƙashin kanta ba wurin zaɓe ba ce, kuma fawa-fak ɗin da aka kawo ba tare da wayoyinsa na asali ba rabin kaya ne.

Akwai kai ɗaya da ba a cikin akwati yake ba, wato na bango. A bayan tsofaffin fawa-fak akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230, kuma kayan da suka fito daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, sukan iso a kan 115; idan aka jona su haka a soket ɗin Kano ƙara ɗaya za a ji, shi ke nan. Duba wannan makunni bai kai daƙiƙa biyu ba. Sababbi ba su da shi, a jikinsu an rubuta 100 zuwa 240, kuma su ne suka fi dacewa da unguwanni masu cunkoso inda wuta kan yi ƙasa da yamma idan kowa ya kunna kayansa a kan tiransifoma ɗaya, domin suna jure faɗuwar da za ta kashe na da. Fulogin da ya dace shi ne mai ƙafa uku irin na Ingila, mai fis a ciki, kuma doguwar ƙafar ta uku ita ce at, wayar da ke kai wutar da ta zurare zuwa ƙasa. Ba kowane gini ne a cikin birni aka yi wa at ba, shi ya sa ake samun kwamfutar da ke ɗan jan mutum idan ya taɓa ƙarfen bayanta ba takalmi, kuma maganin wannan yana wurin mai wayarin, ba wurin mai gyaran kwamfuta ba. Idan aka ɗauke wuta, fawa-fak yana iya riƙe kwamfuta na kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ne kawai, wanda ba ya isa ko a miƙe tsaye balle a ja janareta, don haka UPS, wato akwatin batirin da ke karɓar kaya nan take, wajibi ne ga mai aikin kuɗi. Sai dai lambar da ke jikinsa ba wat ba ce: mai lamba 650 galibi bai kai wat 400 ba.

A ƙarshe a koma kan lambar da mai saye ya fara tambaya. A gefen kowane fawa-fak akwai jadawali, kuma layin da ya kamata ido ya sauka a kai shi ne na bolt 12, tunda daga nan firosesa da katin hoto ke ci. Idan an rubuta wat 650 da manyan baƙaƙe amma a ƙarƙashin bolt 12 aka ga amfiya 18, to abin da ake da shi na aiki wat 216 ne, sauran kallon kitse ne ake yi wa rogo. Tambarin 80 Plus, wanda aka ƙaddamar a 2004, yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da aka ja daga bango tana isa ga sassa, ragowar ce ke zama zafi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, hunturu kuma ya cika fanka da ƙura. Ana hure ƙurar daga waje, ba a kwance akwatin, domin manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe wuta mai kisa bayan an zare fulogi.

A ɗauki misalin kwamfutar tace bidiyo mai matsakaicin kuɗi, mai firosesa ta wat 65, da katin RX 580 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2017 kuma yake cin wat 185, da faifan ajiya biyu da fankoki uku. Jimlar cinta tana kusa da wat 300, don haka fawa-fak mai wat 500 na gaskiya, mai kimanin amfiya 40 a layin bolt 12, ya ishe ta har da rara. Kawunan da take buƙata su ne mai fin 24 guda ɗaya, mai 4 da 4 guda ɗaya wanda wayarsa ta kai saman madabod ba tare da an ja ta ba, mai 6 da 2 guda ɗaya, da na SATA biyu. Mai saye ya rubuta wannan a takarda kafin ya hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, ya nemi a buɗe masa kwali, ya ƙirga da hannunsa, masu shago kuma su yarda a ƙirga. Idan kai ɗaya ya gaza, a ajiye wannan fawa-fak a ɗauko wani, kada a karɓi adafta a matsayin cikon ciniki.